Ɗaukar Yaron Aiki

Masu tarihi sun ce mutanen da suka fara zama a gindin Dutsen Dala maƙera ne daga Gaya. Sun fita neman tama, suka same ta a can, suka zauna. Su ne ake kira Abagayawa. To, ku lura da abu guda. Maƙeri ba ya ƙira shi kaɗai. Sai da mai zuga, sai da mai kawo gawayi, wani lokaci sai da mai riƙe masaba. In mai zuga ya yi gyangyaɗi wuta ta mutu, ƙarfe ya huce, garma ba ta fita. Watau tun zamanin kakanninmu mai sana'a a ƙasar nan yana bukatar mataimaki.

Yau sana'o'i sun yi yawa. A Gaya da Ajingi da ƙauyukansu akwai mai tireda, da mai injin niƙa, da tela, da mai shayi, da mai cajin waya, da mai POS, da mai sayen hatsi, da matan da ke tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gida. Kowannensu wata rana aiki zai fi ƙarfinsa, ya ce, bari in ɗauki yaro. In mun ce yaro a nan, ba ƙaramin yaro muke nufi ba. A bakin 'yan kasuwa duk wanda ke yi wa wani aiki yaronsa ne, ko da yana da furfura. Shi kuwa mai sana'ar shi ne uban gida.

Ku je ƙofar gidan mai unguwa ko ta dagaci ranar da aka kawo ƙarar yaro da uban gidansa, ku saurara. Uban gida zai ce yaro ya ci masa jari. Yaro zai ce shekara uku yana bauta, ban da abinci ba a ba shi kome ba. Sai mai unguwa ya tambaya, "To, ranar da ka ɗauke shi, me kuka yi da shi?" Sai uban gida ya ce, "Ranka ya daɗe, ai cewa na yi ya zo mu riƙa yi, Allah zai buɗa." Shi ke nan maganar da aka yi. Ba a faɗi aiki ba, ba a faɗi lada ba, ba a ƙirga kaya ba, babu shaida. Yawancin rigimar da ake yi ranar rabuwa, daga ranar ɗauka aka shuka ta.

Fara da lissafi

Kafin mutum ya nemi yaro, ya zauna ya yi lissafi tukuna. Sana'ar za ta iya ciyar da mutum biyu?

Ga misali. A ce mai injin niƙa yana samun Naira 12,000 a rana. Ya sayi mai na Naira 6,000. Ya ware Naira 1,000 domin gyara, gama bel yana tsinkewa, faranti yana cinyewa. Saura Naira 5,000. In ya ɗauki yaro a kan Naira 1,500 a rana, abin da zai kai gida ya koma Naira 3,500. Ke nan sai in zuwan yaron zai ƙara ciniki, ko kuwa zai ba mai injin damar zuwa gona ko wata kasuwa, sa'an nan ɗaukarsa ta yi amfani. Kuma kada a yi lissafi da ranar kasuwa ko da lokacin kaka, sa'ad da kowa ke da kuɗi. A yi shi da tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ciniki ya ja baya.

Sau da yawa in an yi wannan lissafi sai a ga ba yaro na kullum ake bukata ba. Mai kai kaya kasuwar Wudil ran Juma'a, watakila abin da yake so mutum ne na yini ɗaya a mako. Mai sayen hatsi yana bukatar masu awo da 'yan dako da kaka kaɗai. Waɗannan sai a yi jinga da su, ko a biya su ladan yini, kowa ya kama gabansa da yamma.

Ɗan'uwa ko bare

In lissafi ya nuna ana bukatar yaro, wa za a ɗauka? Yawancinmu gida muke fara dubawa, ƙane, ko ɗan wa, ko ɗan 'yar'uwa. Wannan ba laifi ba ne. An san asalinsa, an san halinsa tun yana ƙarami, kuma abin da ya samu bai fita gida ba.

Amma fa akwai wuya a ciki, kuma ba mu ga amfanin ɓoye ta ba. Ɗan'uwa yana da wuyar ƙirgawa. In ka ce ya kawo cinikin yau a lissafa, sai ya ce ba ka yarda da shi ba. In ya makara, ba ka iya faɗa, domin uwarsa yayarka ce. In ya ɗebi sukari ya kai gida, a ganinsa ba sata ya yi ba, ai kayan kawunsa ne. In abin ya ishe ka ka sallame shi, sai zumunci ya ɓaci, a daina gaisawa a wurin suna da biki. Kuma shi ma ɗan'uwan ana cutarsa. Sau da yawa shi ne ba a yanka wa lada, sai a ce ai na gida ne. Ya yi shekara biyar a kanti, tsararrakinsa da suka tafi ci-rani sun dawo sun yi aure, shi ko kuɗin sadaki bai tara ba.

Saboda haka mu a ganinmu, in za ka ɗauki ɗan'uwa, ka ɗauke shi kamar yadda za ka ɗauki bare. Ka kira ubansa ko wansa, a zauna, a faɗi kome a fili. In ka ga ba za ka iya yi masa faɗa ba in ya yi laifi, gara ka taimake shi ta wata hanya, ka nemi wani a kanti.

Bare kuwa, abin da ake nema a gare shi shi ne wanda zai tsaya masa. Wannan tsohuwar hanya ce ta fatake. Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, ya fara da fataucin goro. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 cinikin gyaɗa ya buɗe, ya zama babban mai saya wa kamfanonin Turawa gyaɗa. Ba shi da kansa yake zaga ƙauyuka ba. Yaransa yake ba kuɗi su tafi su sayo. Mutum ba ya danƙa wa wani kuɗi haka ya tafi da su tafiyar kwana da kwanaki sai ya san gidansu, ya san wanda zai kama in an sami matsala. Abin da babban attajiri ya kiyaye, mai ƙaramin jari ya fi shi bukatar kiyayewa, gama shi in an yi masa ɓarna sau ɗaya ya karye.

To, ka tambayi yaron, ɗan wane gida ne, wa ya yi wa aiki a da, me ya raba su. Sa'an nan ka taka da ƙafarka ka je wurin tsohon uban gidan nasa. Kada ka aika. Mutanenmu ba su son ɓata wani a bakin ɗan aike, amma in kun zauna ido da ido za ka gane, ko daga irin shirun da ya yi. Ka tambayi mai unguwarsu. In baƙo ne daga nesa, ka kai shi wurin mai unguwarku a san da zamansa, ka ga katinsa na ɗan ƙasa, ka rubuta sunansa da garinsu da lambar wayar wani nasa. Wanda ya ce ba shi da kowa da zai tsaya masa a duniya, a ba shi aikin ƙarfi a biya shi da yamma, amma kada a ba shi mabuɗi tukuna.

Gwaji

Hali dabam, iyawa dabam. Akwai mai gaskiya wanda bai iya ba da canji ba, kuma asarar da zai jawo ba ta bambanta da ta ɓarawo a aljihunka.

Ka gwada shi da aikin da zai yi. In awo ne, ba shi kwano ya auna a gabanka. In kanti ne, ka ce masa, mutum ya sayi sabulu biyu na Naira 350 kowanne, da ashana ta Naira 50, ya ba da Naira 1,000, nawa ne canjinsa? In ya ce Naira 250 ba tare da dogon tunani ba, madalla. In ɗinki ne, ba shi ƙyalle ya ja layi. Ka kuma lura da yadda yake amsa wa mutane. Yaro mai ɗaure fuska yana korar masu saye, tsohuwa ba ta komawa inda aka yi mata tsawa.

Yanzu kuma an sami sabon abu. Tun farkon 2023, sa'ad da aka canja takardun Naira kuɗi suka yi wuya a hannu, mutane da yawa suka koma biya ta waya, har a ƙauye. Mai saye zai nuna wayarsa ya ce ya tura. Akwai macuta masu nuna saƙon ƙarya. Yaron da bai iya karatu ba, ba shi da hanyar ganewa, sai ya ba da kaya. Wanda ya iya, zai duba wayar kanti, ya karanta sunan wanda ya turo da yawan kuɗin, in ba su shigo ba ya ce a dakata. Ku da kuke zuwa aji, ku sani wannan karatu da kuke yi yana cikin abin da masu kanti ke tambaya yau kafin su ɗauki mutum.

A yi gwaji na mako biyu ko wata ɗaya, a faɗa masa tun farko cewa gwaji ne, kuma a biya shi ladan kwanakin. Wasu dattawa suna da wata dabara, su yar da kuɗi a ƙasa da gangan su ga ko yaro zai ɗauka. Mu ba mu son wannan. Mai wayo ya san tarko ne, zai kawo maka su yana murmushi, ya jira babbar rana. Wanda yunwa ta dama kuwa, kai ka jefa shi cikin laifi. Ƙirga ciniki kowace yamma ya fi tarko nuna gaskiyar mutum.

Ƙananan yara

Mai sana'a yakan so ƙaramin yaro domin ba shi da tsada, ba ya musu. A nan akwai doka. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta hana a ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aiki, sai dai ɗan aiki mara nauyi na gida ko na gona a hannun danginsa. Wanda bai kai 14 ba kuma, sai dai aikin yini, a biya shi a ranar, ya koma ya kwana a gidan iyayensa ko mai riƙonsa. Dokar ilmi ta 2004 kuma ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare. Saboda haka mai koya wa yaro ɗinki ko ƙira ko gyaran babur, ya bar shi ya je makaranta da safe, ya zo wurin sana'a in an tashi. Injin niƙa kuwa ba wurin ƙaramin yaro ba ne sam. Bel ba ya tambayar shekaru in ya kama hannun riga. Haka nan uwar gida mai ɗora wa 'yar maƙwabta tallan ƙuli-ƙuli ko man gyaɗa, ta yi magana da uwar yarinyar, a san ladanta, a san inda za ta tsaya, ta dawo gida kafin magariba.

Ranar yanka lada

Wannan ita ce babbar rana, kuma ita ce muka fi yi wa sakaci. Kunya ke hana mu. Yaro yana jin nauyin ya tambayi nawa za a ba shi, kada a ce kwaɗayi ya kawo shi. Uban gida kuma ya ji daɗin shirun. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da bayyana cewa in za a ɗauki mutum aiki, lalle a san aikin, a san ladan tun kafin a fara. Uban gida shi ne babba, shi ya kamata ya buɗe maganar.

Hanyar biya iri-iri ce. Akwai ladan yini, akwai albashin wata. Akwai kamasho, watau a ba yaro wani abu a kan kowane buhu ko kowane kaya da ya sayar. Akwai raba riba, mai jari ya kawo kuɗi, yaro ya kawo ƙarfinsa, a raba abin da aka samu biyu ko uku yadda aka shirya. Masu ba da babur ko A Daidaita Sahu kuma balas suke karɓa kowace rana. Kowace hanya tana da kyau in an faɗe ta. Kamasho yana sa yaro ƙwazo, amma yana sa shi ba da bashi barkatai domin ciniki ya yi yawa. Albashin wata yana kwantar da hankali, amma malalaci yana samun wurin ɓuya a cikinsa.

A faɗi maganar abinci, ko yana cikin lada ko ba ya ciki. A faɗi lokacin buɗewa da na rufewa, da ranar hutu. A faɗi wanda aka yarda a ba bashi, gama bashin abokan yaro ya rufe kanti da yawa. Sa'an nan a yi maganar damina. Mu nan manoma ne. Ran da ruwan shuka ya sauka, yaron da ke da gona hankalinsa ya bar kanti. In ba a shirya ba, sai ka wayi gari ka ga ƙofa a rufe. Gara a yarda tun rani cewa zai sami kwana kaza na shuka, kwana kaza na noma, kwana kaza na girbi, ko kuwa ya riƙa zuwa gona da safe ya buɗe kanti da azahar.

Ga abin da Dokar Ƙwadago ta ce a kan wannan. Uban gida ya ba ma'aikaci takarda mai bayyana aikinsa da ladansa kafin wata uku su cika da fara aiki. A biya lada da kuɗi, kuma kada tsakanin biya da biya ya wuce wata ɗaya. Ba a cin ma'aikaci tara. Ko asara ya jawo da gangan ko da sakaci, ba a yanke masa daga albashi sai da yardar jami'in ƙwadago. A 2024 gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 a wata. Wannan bai hau kan mai ma'aikata ƙasa da 25 ba, saboda haka bai hau kan mai tireda ko mai shayi ba. Amma ba izini aka ba shi ya biya abin da ba zai sayi sabulu ba. Kuma ladan da aka yanka ba ya zama har abada. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 farashin kome ya tashi. Wanda har yanzu yake biyan yaronsa abin da suka shirya kafin wannan lokaci, ya rage masa lada ke nan ko da bai taɓa ko kwabo ba. A riƙa sake duba maganar kowace shekara, bayan kaka.

Ranar da yaro zai kama aiki, a ƙirga kayan kanti a gabansa, a rubuta. Katan nawa, buhu nawa, kuɗi nawa a akwati, bashi nawa a waje. Wannan kariya ce ga mai kaya, kariya ce kuma ga yaro, domin kada a ɗora masa giɓin da ya tarar.

Rabuwa

Ba a zama tare har abada. In ɗayansu yana son rabuwa, doka ta sa a ba da sanarwa. Wanda bai wuce wata uku yana aiki ba, kwana ɗaya. Wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako ɗaya. Daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, mako biyu. Shekara biyar ko fiye, wata ɗaya. Wannan ya hau kan uban gida, ya hau kan yaro. A sake ƙirga kaya, a biya shi abin da ya rage, a karɓi mabuɗi a gaban shaidun da aka fara da su.

Akwai kuma rabuwa ta alheri, wadda 'yan kasuwa ke kira sallama. Yaro ya yi shekaru yana hidima, uban gida ya ba shi jari, ko keken ɗinki, ko kayan aiki, ya tsaya da ƙafarsa. Attajirai da yawa a Kantin Kwari da Dawanau da haka suka fara. Amma nan ma sai an faɗa. In sallama ce ladan yaro, a faɗi shekara nawa zai yi, a faɗi abin da za a ba shi, a rubuta, domin uban gida yana iya rasuwa kafin lokacin, magada kuwa ba su san alkawarin da ba su ji ba.

Ga irin takardar da muke nufi. Ba ta bukatar lauya, ba ta bukatar Turanci.

"Yau ran kaza ga watan kaza, shekara kaza, ni Wane ɗan Wane na unguwa kaza na ɗauki Wane ɗan Wane aikin tsaron kantina. Zai buɗe da ƙarfe 7 na safe, ya rufe bayan sallar isha'i. Zai huta ran Juma'a. Zan biya shi Naira kaza a ƙarshen kowane wata, da abincin rana. Da damina zai sami kwana kaza na aikin gona. Ba zai ba kowa bashi ba sai da izinina. Mun ƙirga kaya, suna rubuce a bayan wannan takarda. Wanda ya tsaya masa shi ne Wane. Shaidu su ne Wane da Wane."

A rubuta guda biyu, da boko ko da ajami, wanda duka biyun suka fi ganewa. A karanta da ƙarfi a gaban shaidu. Kowa ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa. Uban gida ya riƙe ɗaya, yaro ya riƙe ɗaya.

Malamin aji zai rubuta wannan takarda a allo. Kowa ya kwafe ta a littafinsa, ya cike wuraren "Wane" da "kaza" da sunaye da kuɗin da suka dace da sana'arsa, ya kawo a duba a zama mai zuwa.